Aikin kwana 100 na Indiya: shin shi ya tsadar da ƙwadago har ya ci ribar manomi?

A watan Disambar 2025 majalisar dokokin Indiya ta zartar da sabuwar doka da za ta maye gurbin shirin nan na ba mutanen karkara aikin yi wanda aka fi sani da MGNREGA, shugabar ƙasar Droupadi Murmu kuma ta sa mata hannu a cikin watan. Yawancin hayaniyar da aka yi a kan cire sunan Mahatma Gandhi daga jikin shirin aka yi ta, da kuma batun wa zai biya kuɗin tsakanin tarayya da jihohi. Amma akwai wani sashe a dokar da ya fi shafar gona kai tsaye: an ƙara kwanakin aiki daga 100 zuwa 125 a shekara ga kowane gida, sannan aka ba jihohi dama su tsayar da aikin na jimillar kwana 60 a lokacin shuka da girbi, wai don kada manoma su rasa 'yan ƙwadago.

To nan ne mutane da yawa suka rikice. An ƙara kwanaki, an kuma rufe ƙofa a lokacin da aikin gona ya fi zafi, ci gaba aka samu kenan ko koma baya? Amsar tana rataye ne da wata tsohuwar gardama da aka kusa shekara 20 ana yi a ƙasar. Masu gonaki na cewa tun da gwamnati ta fara biyan mutane su haƙa tafki, ɗan ƙwadago ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, riba ta zube. Masu kare shirin na cewa ai dama kuɗin yinin da ake biya a baya bai kai ya ciyar da gida ba, kuma shirin bai kai girman da zai kwashe ma'aikata daga gona ba. Kowane ɓangare na da hujja a hannu, sai dai ba manomi iri ɗaya suke magana a kai ba.

Me ake nufi da garantin aiki?

Gwamnatoci da yawa na ɗaukar mutane aikin wucin gadi. A Najeriya an ga shirin mutum 774,000 a 2021, mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku. Irin wannan gurbi ne ƙidayayye, wanda sunansa ya fito ya samu, wanda bai fito ba sai haƙuri. Garanti ya sha bamban da haka, domin doka ce ta ce duk gidan da ke karkara, in akwai baligin da ya yarda zai yi aikin ƙarfi, yana da haƙƙin a ba shi, ba sai an tantance ko talaka ne ko ba talaka ba. Wahalar aikin da ƙarancin kuɗin su ke yin tankaɗe da rairaya, mai hali ba zai je ya wuni yana ɗibar ƙasa a rana ba.

An kafa dokar a 2005 zamanin Firaminista Manmohan Singh, aka fara aiki da ita ranar 2 ga Fabrairun 2006 a gundumar Anantapur ta jihar Andhra Pradesh. Da gundumomi 200 mafiya talauci aka fara, aka ƙara 130 a 2007, zuwa Afrilun 2008 ta game duk karkarar ƙasar. Sunan Gandhi sai a 2009 aka liƙa mata. Tun kafin nan jihar Maharashtra ta gwada irinsa a fari na farkon shekarun 1970, daga can aka ɗauko samfurin.

Yadda dokar 2005 ta tsara abin a takarda: gida zai yi rajista a majalisar ƙauye a ba shi katin aiki, duk sanda ya nema dole a ba shi aiki cikin kwana 15, in ba a ba shi ba jiha ta biya shi alawus na zaman banza. Wurin aikin kada ya wuce kilomita 5 daga ƙauyen, in ya wuce a ƙara masa kashi 10 cikin 100. Ba ɗan kwangila, ba injin da zai maye gurbin hannu. Mace da namiji kuɗinsu ɗaya, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan su zama mata, a aikace ma mata sun haura rabi, a jihohin Kerala da Tamil Nadu kuwa kusan aikin na mata ne. Ayyukan su ne haƙa tafki da yashe shi, rijiyoyi, shingen tare ruwa, hanyoyin ƙauye, dashen itatuwa, gyaran fili. A wannan tsohon tsarin tarayya ce ke biyan kuɗin ƙwadagon gaba ɗaya, da kashi 75 na kuɗin kayan aiki.

A aikace kuma labarin ya bambanta, kuma wannan bambancin shi ne rabin amsar tambayarmu. Gidan da ya shiga shirin, a matsakaici kwana 45 zuwa 50 yake samu a shekara, ba 100 ba. Kuɗin yinin ya danganta da jiha, a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 ya kama daga rupi 234 a Arunachal Pradesh da Nagaland zuwa rupi 374 a Haryana, kuma a jihohi da yawa yana ƙasa da mafi ƙarancin ladan aikin gona da ita kanta jihar ta ƙayyade. Ga jinkirin biya da ya sha kai maganar har Kotun Ƙoli. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne, a shekarar korona gidaje sama da miliyan 75 suka yi aiki a ciki, aka kashe fiye da rupi tiriliyan 1, a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 kuma kasafinsa ya kasance rupi biliyan 860.

Inda kukan masu gonaki ya samo asali

Shekarun da shirin ya bazu sun zo daidai da lokacin da kuɗin ƙwadagon gona ya yi tashin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Wani nazari da Ashok Gulati da abokan aikinsa suka fitar a 2013, lokacin shi ne shugaban hukumar da ke ba gwamnati shawara kan farashin amfanin gona, ya nuna daga 2007 zuwa 2012 kuɗin yini na tashi da kusan kashi 17 cikin 100 duk shekara, in aka cire hauhawar farashi kuma wajen kashi 7. Manomin da ke biya daga aljihunsa bai buƙatar wani masani ya gaya masa, yana gani a hannunsa, ga kuma sabon aikin gwamnati a bakin gari, sai ya haɗa biyun. Kukan ya kai har ministan noma na lokacin, Sharad Pawar, ya nemi a riƙa dakatar da shirin a lokacin aikin gona. A 2018 ma an kafa kwamitin manyan ministocin jihohi, wato shugabannin gwamnatocin jihohin, don duba yadda za a haɗa shirin da noma, wanda ya jagorance shi, Shivraj Singh Chouhan, shi ne kuma ministan da ya gabatar da sabuwar dokar ta 2025. Ashe hutun kwana 60 ɗin nan tsohuwar buƙata ce ta samu shiga.

Sai dai shi nazarin na Gulati bai ɗora wa shirin laifin duka ba. Abin da ya gano shi ne bunƙasar tattalin arziki, musamman aikin gine-gine da ya riƙa jan matasa zuwa birane, ta fi shirin tasiri nesa ba kusa ba. Akwai kuma abin da ya biyo baya: daga wajen 2014 kuɗin ƙwadagon karkara ya kusa tsayawa cak in aka cire hauhawar farashi, alhali shirin na nan bai je ko'ina ba. Da shi kaɗai ke tura farashi sama, da ba a ga wannan tsayawar ba.

Ta wace hanya aikin gwamnati ke taɓa kuɗin ƙwadago?

Hanya ta farko ita ce wadda kowa ke tunani, wato mutum ba zai kasance a wuri biyu ba, in yana wajen haƙa tafki to ba ya gonar wani. Gaskiya ne, amma ita ce mafi rauni, saboda aikin shirin ya fi yawa ne a tsakanin Afrilu da Yuni, bayan an kwashe alkama kafin damina ta sauka, lokacin da gona ba ta neman kowa. Jihohi da ƙauyuka da dama dama can suna sassauta aikin in ruwa ya zuba, ko don ba a iya haƙa a taɓo. Inda ake karo na gaske shi ne wuraren da ake noman ban ruwa ana shuka sau biyu sau uku a shekara, da kuma ƙarshen Yuni lokacin dashen shinkafa.

Hanya ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta ciniki. A ƙauyen da gonaki ke hannun gidaje ƙalilan, marasa gona kuma suna da yawa, mai gona shi ke yanka farashi, ɗan ƙwadago ba shi da inda za shi. Ranar da ya san akwai wani aikin da zai iya zuwa, ko bai je ba, ya samu bakin cewa albarka in an yi masa tayin da bai gamshe shi ba. Kenan shirin na iya ɗaga farashi ba tare da ya ɗauke mutum ko ɗaya daga gona ba. Ga mata abin ya fi fitowa fili, domin a gonakin Indiya an saba biyan mace ƙasa da namiji, ga shi kuma dashe da cire ciyawa da tsinkar auduga yawanci hannun mata ne.

Akwai ta uku da ba a cika ambata ba, wato bashi. Gidan da ba shi da abin shiga a rani yakan je wajen mai gona ya karɓi kuɗi ko hatsi da alkawarin zai biya da aiki in damina ta zo, a farashin da mai gonar ya ga dama. In gidan ya samu aikin kwana 30 ko 40 a rani, zai shiga damina ba igiya a wuyansa. Shi ya sa aikin da aka yi a Mayu ke iya taɓa farashin Yuli. Sannan masaniyar tattalin arziki Supreet Kaur ta nuna a ƙauyukan Indiya in kuɗin yini ya hau ba ya saurin saukowa ko da dalilin hawan ya wuce, mutane na ganin rage shi cin zali ne.

Ta huɗu ita ce ci-rani. Manoman jihohin Punjab da Haryana sun dogara da 'yan ci-rani daga jihohin Bihar da Uttar Pradesh wajen dashen shinkafa. In aiki ya samu a gida, wasu ba za su hau jirgin ƙasa ba, ko da kuɗin can ya fi, don zaman baƙunta na da nasa tsadar da wahalar. Sai manomin da ke nesa da inda ake shirin ya ji a jikinsa.

Abin da masu bincike suka auna

Da yake an shigo da shirin ne kashi-kashi, masana sun samu damar kwatanta gundumomin da suka fara da waɗanda ba su fara ba. Clément Imbert da John Papp, a binciken da suka wallafa a 2015, sun gano kuɗin yini na leburori ya ƙaru da kashi 4.7 cikin 100 a lokacin rani, kuma kusan duk ƙarin daga jihohi bakwai ya fito, waɗanda suka riƙe shirin da gaske, irin su Andhra Pradesh da Rajasthan da Tamil Nadu da Chhattisgarh. Erlend Berg da abokan aikinsa, da suka duba kuɗin aikin gona kaɗai, sun samu ƙarin kashi 4.3 a shekara, kuma a aikin da ba ya buƙatar ƙwarewa ya fi fitowa. Mehtabul Azam ya samu wajen kashi 8 ga mata, na maza kuwa ɗan kaɗan. Ita kuma Laura Zimmermann, da ta bi wata hanyar awo daban, ba ta ga wani tashi na a zo a gani ba, abin da ta fi gani shi ne shirin ya zama madogara a shekarar da ruwa ya yi gardama. A Bihar, ɗaya daga cikin jihohi mafiya talauci, binciken Bankin Duniya ya tarar mutane da yawa na son aikin ba sa samu, to inda ba a ba da aikin ba ai ba abin da zai ɗaga.

Binciken da ya fi shiga cikin batun riba shi ne na Karthik Muralidharan da Paul Niehaus da Sandip Sukhtankar, wanda ya fito a 2023. Gwamnatin Andhra Pradesh ta kawo biyan kuɗi da kati mai ɗaukar zanen yatsa, aka yi ƙuri'a wajen zaɓen yankunan da za su fara, sai ya zama a wasu wurare kuɗi na isa hannun ma'aikaci da wuri kuma ba a yanke masa, a wasu wuraren ana nan yadda ake. Inda shirin ya gyaru, abin da gidajen ma'aikata ke samu ya ƙaru da kashi 14, talauci ya ragu da kashi 26, kuma kashi 86 na ƙarin ba daga aljihun gwamnati ya fito ba, daga aikin 'yan kasuwa da masu gonaki ya fito. Kuɗin yini ya hau da wajen kashi 10. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne aikin da masu gonaki da sauran masu ɗaukar ma'aikata ke bayarwa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, musamman a ƙauyukan da ƙasa ke hannun mutane kaɗan. Fassarar da masu binciken suka yi ita ce dama can ana biyan ƙasa da abin da aikin ya cancanta, har wasu sun gwammace su zauna a gida, da farashi ya gyaru sai suka fito.

Amma binciken nan dai shi ne ya tabbatar da kukan masu gonaki, domin ya nuna abin da ƙasa ke kawo wa mai ita ya ragu. Kuɗin bai faɗo daga sama ba, wani ɓangarensa daga aljihun mai gona ya koma na ɗan ƙwadago. Duk wanda ya ce shirin bai taɓa ribar kowa ba bai faɗi daidai ba, haka wanda ya ce shi ya ninka kuɗin ƙwadago. In aka haɗa binciken, abin da ke tsayawa shi ne ƙari na kashi 4 zuwa 10 a inda shirin ke aiki sosai, kusan babu a inda yake a takarda kawai.

Me ya sa ƙarin kashi 5 ke yi wa manomi zafi haka?

Ga lissafi na misali, ba alƙaluman wata gona ba ne. A ce manomi ya kashe rupi 100,000 a damina, 30,000 daga ciki kuɗin 'yan ƙwadago ne, ya sayar da amfanin 120,000, ribarsa 20,000. In kuɗin yini ya hau da kashi 5, ƙarin 1,500 ne, a jimillar abin da ya kashe kashi 1.5 kacal, masani zai ce ai ba komai. Amma daga cikin 20,000 ɗin nan za a cire, ribar ta ragu da kashi 7.5 kenan. In hawan kashi 10 ne, kashi 15 na ribar ya tafi. In kuma shekarar ba ta yi kyau ba ribar dama 8,000 ce, to abin ya zama babba. Ga shi kuɗin ƙwadago kuɗi ne na hannu da hannu, ana biya da yamma, a lokacin da manomi ya riga ya zuba abin da yake da shi a taki da iri.

Kuma ba farashin kaɗai ba ne, akwai lokaci. Dashen shinkafa in ya wuce kwanakinsa amfani na raguwa, auduga in ta buɗe ba a tsince ba ruwa ya taɓa ta daraja ta faɗi. Manomi zai iya jure ƙarin rupi 20 a yini, abin da ba zai jure ba shi ne ya nemi mutum 15 ya samu 6 a satin da ya fi buƙata. Masu gonaki na kuma ƙorafin cewa aikin gwamnati ya fi sauƙi, ana tashi da wuri, don haka mutane sun saba da gajeren yini.

Sai dai kalmar manomi a Indiya ta haɗa mutane da ba su da haɗi. Ƙidayar gonaki ta 2015 zuwa 2016 ta nuna kashi 86 cikin 100 na gonakin ƙasar ba su kai hekta 2 ba, matsakaicin gona hekta 1.08 ce. Ƙidayar jama'a ta 2011 kuma ta nuna 'yan ƙwadagon gona, kimanin miliyan 144, sun fi masu noma gonar kansu yawa, su kimanin miliyan 119. Mai rabin hekta da iyalinsa yake nomawa, ya ɗauki mutum biyu uku ranar dashe, sauran kwanakin shi ma yana gonar wani ko yana wajen aikin gwamnati da katinsa. A koma kan misalin nan: in ƙaramin manomi ya biya ƙarin rupi 500 ga waɗanda ya ɗauka, matarsa kuma ta yi kwana 40 a rupi 250, rupi 10,000 sun shigo gidan, ban da ƙarin da shi kansa zai samu in ya je ƙwadago. Tambayar da ke raba gardama ita ce gidan nan sayen ƙwadago ya fi yi ko sayarwa. Wanda ya fi sayarwa ya ci riba, wanda ya fi saye ya yi asara.

A cikin masu asarar ma akwai hawa-hawa. Babban manomi na da hanyar kaucewa, zai sayi injin girbi ko ya ɗauko haya, zai yi feshin maganin ciyawa maimakon ɗaukar mata 20. In alkama ko shinkafa yake nomawa a Punjab ko Haryana, gwamnati na saye a farashin da ta ƙayyade, kuma kuɗin ƙwadago na cikin lissafin da ake yi kafin a tsayar da farashin, tun 2018 ma ƙa'idar ita ce farashin ya zama aƙalla ninki ɗaya da rabi na kuɗin da aka kashe haɗe da ƙimar aikin iyali. To wani ɓangare na ƙarin na dawo masa. Amma wani kwamitin gwamnati a 2015 ya ce kashi 6 cikin 100 na manoma ne kawai ke sayar wa hukumomin gwamnati a wannan farashin. Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne na tsakiya, mai hekta 3 ko 4 da ke noman auduga ko kayan lambu, gonar ta fi ƙarfin iyalinsa, ba ta kai ta sayi inji ba, farashin kayansa kuma yawanci kasuwa ce ke yankawa. Haka wanda ya karɓi hayar gona, shi zai biya ƙarin yau, kuɗin haya kuwa ba ya sauka da wuri. Haka tsoho ko bazawarar da ke da gona ba ta da mai nome mata.

Abin da shirin ke mayar wa gona

Lissafin bai cika ba in ba a sa ɗaya gefen ba. Mafi yawan ayyukan na ruwa ne da ƙasa, kuma doka ta yarda a yi aiki a gonar mutum in ɗan Dalit ne, wato rukunin da al'ada ta mayar ƙasƙantattu, ko Adivasi, wato ƙabilun asali na ƙasar, ko ƙaramin manomi, a haƙa masa rijiya ko ƙaramin tafki ko a daidaita masa fili, gwamnati ta biya ma'aikatan har da shi kansa. A Jharkhand da Madhya Pradesh an haƙa rijiyoyi masu yawa ta wannan hanyar, gonar da ke ba da amfani sau ɗaya ta koma ba da kayan lambu a rani. Esther Gehrke ta gano a Andhra Pradesh cewa manoman da suka san akwai aikin da za su faɗa in damina ta ƙi, sun fi yarda su shuka abin da ke da kasada amma ya fi riba, irin su auduga. Ingancin ayyukan dai ya bambanta sosai, akwai tafkin da ke riƙe ruwa har bazara, akwai wanda ruwan farko ya cike shi da yashi, akwai kuma wanda a takarda kawai aka haƙa.

Me hutun kwana 60 zai canza?

Hujjar gwamnati a bayyane take: a bar aikin gwamnati ga lokacin da gona ba ta neman hannu, manomi ya samu ma'aikata a kan kari, ɗan ƙwadago kuma bai yi asara ba tunda kwana 125 na jiransa a sauran kwana 305 na shekara, a lokacin shuka da girbi kuma ai kasuwa na biya fiye da gwamnati. Masu suka, ciki har da jam'iyyar adawa ta Congress da ƙungiyoyin ma'aikatan shirin, na cewa lokacin shuka da girbi shi ne kaɗai lokacin da ɗan ƙwadago ke da ƙarfin ciniki, in aka rufe masa ɗaya ƙofar a daidai lokacin to an mayar da wuƙa da nama hannun mai gona, kuma haƙƙin da ake kashewa ana kunnawa ya tashi daga garanti.

In aka auna da abin da bincike ya nuna, ta fuskar yawan hannaye canjin ba zai yi girma ba a wuraren noman damina zalla, don dama aikin na raguwa da kansa a watannin. Inda za a ji shi ne yankunan ban ruwa, da kuma wajen mata, su ne kuɗinsu a gona ya fi kusa da na gwamnati ko ya gaza shi, su ne kuma za su rasa abin kwatance in mai gona ya yi tayi. Akwai mutanen da ko a lokacin girbi masu gona ba sa ɗauka, tsofaffi da masu rauni, su hutun zaman gida ne kawai. Sannan shekarar fari, kwanakin da kalanda ta ce na shuka ne za su iya zuwa ba a shuka komai ba. Dokar ta bar wa jihohi su sanar da kwanakin tun kafin lokaci kuma za su iya bambanta su daga yanki zuwa yanki, don haka jihar da ta yanka kwana 60 ɗaya ga kowa da kowa za ta fi cutar da ma'aikata a kan wadda ta bi kalandar kowace gunduma.

Sashen da zai fi taɓa kuɗin ƙwadago ma wataƙila ba hutun ba ne, kuɗi ne. A sabon tsarin yawancin jihohi za su ɗauki kashi 40 cikin 100 na kuɗin shirin, tarayya 60, jihohin arewa maso gabas da na tsaunukan Himalaya kuma kashi 10. Tarayya za ta yanka wa kowace jiha kasonta tun farkon shekara, abin da ya haura jiha ce za ta biya. A tsohon tsarin da tarayya ke biyan kuɗin ƙwadago duka ma matsakaicin bai wuce kwana 50 ba, kuma jihohin da suka fi yawan marasa gona, irin su Bihar da Uttar Pradesh, su ne aljihunsu ya fi rauni. Tunda duk binciken sun nuna farashi na motsi ne kawai a inda ɗan ƙwadago ya tabbata in ya nemi aikin zai samu kuma za a biya shi a kan lokaci, jihar da ta riƙa jan ƙafa wajen buɗe ayyuka don tsoron kashi 40 ɗin za ta sauƙaƙa wa masu ɗaukar ma'aikata ko ba hutun kwana 60. Su kuma ƙananan manoman jihar, masu gona da kati a gida ɗaya, za su samu sauƙin 'yan ɗaruruwan rupi ranar dashe, su rasa dubbai a watannin rani.